Ina Zuwa, Baba

Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ci da maƙogwaronsa, shi ne aka wayi gari ba ya iya cewa a ba shi ruwa. A tashar mota ɗan kamasho ne, mai kiran fasinja, kuma ba wanda ya damu da sunansa na yanka. Yanzu-Yanzu ake ce masa, saboda ko motar wayam take, ba kowa a ciki sai ƙuda, haka zai dafa ƙofarta ya buɗe murya: "Yanzu-yanzu za a tashi!" Har tsallaken titi ana jin sa. Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta zo masa ba sallama, ta ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ta haɗa da harshen. In ya yunƙura zai yi magana, wani gurnani ne ke fita wanda shi kansa yake jin kunyarsa.

Daga asibiti gidan ɗansa aka wuce da shi, wanda tun yana yaro ake kira Injiniya saboda ɓarnar da yake yi wa rediyon gida. Aka ba tsohon ɗakin baya: gadon ƙarfe, kujerar roba, fanka mai ƙara, da taga ɗaya da ba ta kallon komai sai katangar maƙwabta. Bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin da Injiniya ke aiki. Shi aikin nasa ba na fita ba ne. Daga safe zuwa yamma yana gaban kwamfuta, abin saurare a kunne, yana yi wa wani kamfani aiki wanda bai taɓa taka ƙofarsa ba.

Ranar da aka sallame su nas ta yi musu bayani dalla-dalla. "Ƙafar nan ba ta mutu ba, barci take yi. A riƙa juya shi a kai a kai. Diddigen nan kada a bar shi ya daɗe a kan katifa, zai yi gyambo. A motsa masa gwiwa safe da yamma. In kun yi haka, da yardar Allah da sanda zai taka."

Da sanda zai taka. Wannan magana tsohon ya ɗauka ya adana a ransa. Ba wani dogon buri gare shi ba. So yake ya taka da ƙafarsa zuwa tasha, ya zauna a bencin mai shayi, a riƙa tsokanarsa yana ramawa ko da da harara ne.

Babbar 'yarsa, wadda duk gidan ke ce wa Yaya, aure ya kai ta wani gari mai nisa, ga 'ya'ya ga shagon ɗinki. Ta zauna ta yi jinya har mijinta ya fara kira ba ƙaƙƙautawa. Kafin ta tafi ta tsare ƙaninta sai da ya haɗa wa mahaifinsu abin kira. Tsohuwar waya ce aka ɗaure da igiya a jikin gadon, daidai hannun hagu. Hoto uku ne manya a fuskarta: kofin ruwa, fo, da wata jar da'ira ta ciwo ko a zo a juya shi. In ya danna, sanarwa za ta faɗo a kan allon kwamfutar Injiniya. In Injiniya ya taɓa sanarwar, wayar tsohon za ta amsa masa. In kuwa aka bar ta ba a taɓa ba, kiran sai ya wuce wayar Yaya can garinsu. Wannan sharaɗin ita ta dage a kansa. Ko an amsa ma, jerin kiran na nan a wayarta in ta duba.

Amsar ma ita ta ce a yi ta da muryar ƙanin nata. Ta kanga masa wayar a baki.

"Faɗi da kyau, ba kamar mai karanta labarai ba."

"Ina zuwa, Baba," ya ce, sai dariya ta kuɓuce masa a ƙarshe, ita ma ta tuntsire. Haka aka naɗe maganar, da dariyarsu su biyu a wutsiyarta.

Kwanakin farko abin gwanin sha'awa. Tsohon zai danna, a ɗan jima wayar ta ce, "Ina zuwa, Baba," sai ya ji an ja kujera a bayan bango, sai takun silifas, sai ga ɗansa. Ya ba shi ruwa, ya juya shi, ya cusa matashi ƙarƙashin ƙafar, wani lokacin har ya tsaya yana lanƙwasa gwiwar yana cewa, "Yauwa, jarumi, haka." Akwai ranar da babban ɗan yatsan ƙafar ya motsa da kansa. Tsohon ya yi kukan murna.

Wata rana da yamma ya jiyo ɗan nasa ta bayan bango yana yi wa matarsa ƙorafi. Malamar makaranta ce, shi ya sa har shi mijin nata ma Malama yake ce mata.

"Kin san abin da ya same ni yau? Ina nuna wa manyanmu aiki, kowa na kallon allona, sai ga hoton fo ya faɗo ɓaro-ɓaro a tsakiya. Fo, Malama! Wani har da tambayata ko sabon kayan da za mu fara sayarwa ke nan."

Ta yi dariya, sannan ta kama bakinta. "To, kashe abin za ka riƙa yi lokacin mitin?"

"In na kashe ai wayar Yaya zai tafi, ta cika min kunne. Bari kawai, na san abin yi."

Kunya ta rufe tsohon. Shi ne ya kunyata ɗansa a gaban manya. Ya ƙudurta a ransa cewa da safe, ko ya matsu, zai daure ba zai taɓa hoton fo ba.

Washegari da ya danna kofin ruwa, ko ɗaga yatsa bai gama yi ba wayar ta ce, "Ina zuwa, Baba." Bai taɓa jin amsa da sauri haka ba. Ya kasa kunne yana jiran jan kujera. Shiru. Ya ce a ransa, yana ƙarasa wani abu ne. Hasken rana da ke fara sauka a saman katangar maƙwabta ya gangaro har tsakiyarta kafin ya ji takun silifas.

"Baba, yi haƙuri, aiki ne ya riƙe ni."

Tsohon ya gyaɗa kai. Me ya yi zafi? Ai ya zo.

A ranar ne ya ji shi a waya da wani abokin aikinsa, muryarsa cike da jin daɗi. "'Yan layuka kawai na rubuta wa kwamfutar. Duk sanarwar da ta leƙo, kafin in ƙifta ido ta danne ta da kanta, ta kore ta. Allona fes. In na gama aiki sai in bi su in duba. Zan turo maka, gwada ka gani." Tsohon ya yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi. Yaron nan akwai kai. Bai san shi ne sanarwar ba.

Daga nan jiran ya fara tsawo. Abin da Injiniya bai faɗa wa abokinsa ba, wataƙila don shi ma bai lura ba, shi ne abin da ba ka gani ba ba ya damun ka. Da, hoton yakan tsaya masa a ido har sai ya tashi. Yanzu babu abin da ke tsayawa. "In na gama aiki" ta koma in ya tuna, aiki kuwa ba ya ƙarewa. Tsohon zai danna jar da'ira, a ce masa ana zuwa, ya kwanta yana kallon katanga har haske ya sauka ƙasa ya ɓace. Ƙugunsa ya riƙa zugi. Ƙafar da ba ya ji sosai tana nan yashe yadda aka bar ta tun safe, diddige a kan katifa.

Ranar da ya fara jiƙa shimfiɗa, ya danna fo sau ba adadi, kowane dannawa da amsarsa da dariyarsa. Da abin ya fi ƙarfinsa ya saki, ya ja zane da hannun hagu ya rufe fuskarsa. Dattijo mai jikoki, kwance cikin fitsarinsa, ana yi masa dariya daga cikin waya.

Injiniya ya shigo da yamma, ya ja numfashi ya kawar da kai. "Haba, Baba. Ai da ka ɗan ƙara haƙuri." Ya canza zanen da sauri-sauri, wayarsa maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Tsohon ya nuna masa gwiwa. "Gobe, Baba, gobe za mu motsa ta sosai. Yau kaina kamar zai tsage. Kuma ai duk don ku nake wahalar nan. Magungunan nan ba daga sama suke faɗowa ba."

Gaskiya ne, ba daga sama suke faɗowa ba. Abin da ya sa uzurin Injiniya ke da wuyar turewa ke nan: kowanne da ɗan guntun gaskiya a cikinsa.

Ita kuwa Malama ba za a ce ba ta da ladabi ba. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta tsaya a bakin ƙofa ta rusuna. "Baba, sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi." Ta ajiye abinci a kan kujerar roba, ta fesa turare a iska, ta fita da baya. Ɗakin ne dai ba ta wuce taku biyu a cikinsa. Ya taɓa jin ta tana gaya wa wata maƙwabciya a tsakar gida, "Ni ina zan iya taɓa jikin suruki? Da kunya mana. Kuma ai ɗansa na tsaye a kansa, ko yaushe ina jin wayar tana cewa yana zuwa."

Wata ranar hutun tasha sai ga Ba-Birki, tsohon direban da suka yi zamani tare, da ledar lemo a hannu. Tun daga zaure yake kwaɗa sallama.

"Ina ɗan iskan nan da ya gudu ya bar mu da fasinja? Kai, Yanzu-Yanzu, kwanciya ta yi maka daɗi ko? To tashi, yaran da suka gaje ka ko akuya ba sa iya kirawo wa mota."

Tsohon ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, har yawu ya zubo ta gefen bakinsa. Ba-Birki ya goge masa da bakin rigarsa ba tare da ya fasa zuba ba. Can tsohon ya so ya burge abokinsa. Ya ɗaga wayar ya nuna masa, ya danna jar da'ira.

"Ina zuwa, Baba."

Ba-Birki ya riƙe baki. "Iko sai Allah! Kai ka haifi ɗa, wallahi. Ni nawa 'ya'yan ko na kira sai dai in ji wata mace tana ce min ba a samun su."

Suka jira. Ba-Birki ya ɓare lemo ya ba shi a baki, ya ba da labarin wanda ya mutu da wanda ya sayar da mota. Ya ɓare na biyu. Ledar ta ƙare, ba wanda ya zo. Ya fara waige-waigen ƙofa, sannan ya shaƙi iska, fuskarsa ta canza. Ya ɗaga zanen daga wajen ƙafa ya daɗe yana kallo.

"Yaushe rabon da a juya ka?"

Ya tattare hannun riga ya kama abokinsa, yana nishi yana haki, da ƙyar ya mirgina shi. Ya naɗe hularsa ya tallafe diddigen da ita. Daga nan ya fita ya buga ƙofar ɗakin aiki. Tsohon yana jin su.

"Kawu, sannu da zuwa, ban san ka shigo ba. Ina mitin ne."

"Ɗana, ubanka ya kira ka, ka ce kana zuwa. Ka ga diddigensa kuwa? Ya yi baƙi."

"Ina sane, Kawu. Kwanciya ce kawai, akwai man da nake shafa masa. Yanzu zan shigo."

Ba-Birki ya dawo ya tsaya a kan abokinsa, ya so ya mayar da abin wasa kamar yadda suka saba. "Wannan 'ina zuwa' ta ɗanka, anya ba ƙanwar 'yanzu-yanzu' ɗinka ba ce?" Da ya ga yadda idon tsohon ya cika, sai ya yi da-na-sanin buɗe baki. Ya dafa kafaɗarsa, ya fita ba hula.

Maganar ta zauna wa tsohon a ƙirji. Ya san irin wannan magana, ai da ita ya ci abinci. Magana ce da ake faɗa wa mai jira don ya zauna lafiya, kada ya sauka ya nemi wata motar. Amma shi ko ba komai yana tsaye a rana tare da fasinjansa, suna zaginsa yana ba su haƙuri, kuma komai daɗewa motar takan tashi. Duk da haka ya ƙi yarda. Ɗansa ne. Yana gani, yana amsawa, aiki ne ke danne shi.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, Injiniya ya shigo canza shimfiɗa. Ya tattaro jiƙaƙƙen zanen ya rungume shi da hannu biyu. Tsohon ya yunƙura zai gyara kwanciya, gwiwar hannunsa ta faɗa kan wayar.

"Ina zuwa, Baba." Sai dariya.

Tsohon ya dubi wayar. Ya dubi ɗansa da ke tsaye a gabansa, baki rufe, hannu biyu cike da zane. Ya dubi bangon da ke tsakaninsu da ɗakin da ba kowa a ciki. A hankali ya miƙa yatsa ya sake dannawa, idonsa a kan fuskar ɗan.

"Ina zuwa, Baba."

Injiniya ya yi tsuru-tsuru, sannan bakinsa ya buɗe kamar famfo. "Baba, ba yadda kake tsammani ba ne. Saboda mitin kawai na sa ta. Ba wai ba na dubawa ba ne, ina dubawa. Ka san in aikin nan ya kuɓuce duk mun shiga uku. Kuma Yaya ce, abu kaɗan ta ɗaga hankalin kowa, ga ta da hawan jini. Ita nake tausaya wa. Yau ɗin nan zan cire, wallahi yau zan cire."

Tsohon bai yi gurnani ba. Hawaye ne kawai ke bin gefen fuskarsa yana shiga kunne. Ba jiran ne ya fi yi masa ciwo ba. Duk ranakun nan da yake kwance cikin ƙazanta, abin da ke riƙe da shi shi ne ɗansa ya gani, ya sani, yana hanya. Ashe ba wanda ya gani. Da bango yake magana.

Da rana ta take ya gwada, ko an cire. Amsa ta zo nan take, ba jan kujera. Ya sake dannawa, ya sake, ba don yana jiran kowa ba. Wutsiyar maganar yake saurare, inda dariyar 'yarsa take. Da ya ji ta ya ishe shi, ya kife wayar ya tura ta ƙarƙashin matashi. Bai ƙara taɓa ta ba.

Shirun nasa ya yi wa gidan daɗi. Ranar da Yaya ta kira ta bidiyo, Injiniya ya goge wa mahaifinsa fuska, ya sa masa sabuwar hula, ya riƙe wayarsa daidai yadda daga wuya zuwa sama kawai za a gani.

"Baba! Ka ga yadda ka yi kyau kuwa?" Muryarta har rawa take don murna. "Da kullum ina ganin kiranka a wayata, ana amsa maka nan da nan, har ina sa wa ƙanina albarka. Kwanan nan kuma na ga ko kiran ba ka yi. Sauƙi ke nan, ko? Alhamdu lillahi!"

"Ai Baba ya warware," in ji Injiniya. "Sai dai rigima."

Tsohon ya ɗaga hannun hagu zai nuna ƙasa, wajen ƙafar. Sai idonsa ya haɗu da na ɗansa ta saman wayar. Ido ne na yaron da ya fasa rediyo yana roƙon kada a faɗa. Su biyu ke nan gare shi a duniya. In ya nuna, ya san 'yarsa, har abada ba za ta sake kallon ƙaninta da idon rahama ba. Hannun ya tsaya a iska, sannan ya mayar da shi ɗaga hannun gaisuwa. Yaya ta ɗago masa nata tana dariya.

Zazzaɓi ya biyo baya. Ya daina cin abincin da ake ajiyewa, ya daina kallon katanga. Wani lokacin sai ya ga kamar yana tasha, motoci na ta cika suna tashi, shi kuwa ya buɗe baki ba abin da ke fita. Turaren Malama ya daina rufe warin. Ita ce ma a ƙarshe ta tsaya a bakin ƙofa, gyale a hanci, ta ƙwala wa mijinta kira.

"Zo ka gani. Wannan warin ba na fitsari ba ne."

Da Injiniya ya zare hular Ba-Birki da ta manne a diddigen, sai da ya ja da baya ya dafa bango.

A asibiti likita bai ɓoye musu komai ba. Gyambon ya ci har ƙashi, dafin ya fara shiga jini. In ana son ransa, sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma ba a jira ba. Ya dube su ta saman tabarau. "Wa ke kula da shi a gida?" Injiniya ya kawar da kai. Tsohon yana kwance yana ji. Bencin mai shayi ya zo masa a rai, ya ga kansa yana tahowa da sanda, sai hoton ya dushe.

Yaya ta iso da rana tsaka, ko jakarta ba ta ajiye ba ta ɗaga zanen. Ta saki salati, ta juya kan ƙaninta, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Yana tsaye a ƙarshen gadon, filas ɗin ruwan zafi a hannu ɗaya, ledar magunguna a ɗayan.

"Yaya, ki saurare ni. Wallahi daina kira ya yi. Duba wayarki, ke ma kin gani. Mutum ba ya magana, kuma ya ƙi danna abin da aka ba shi, ta yaya zan san yana jin ciwo? Kin san taurin kan Baba."

Ta ciro wayarta ta duba. Gaskiya ne, kiran ya tsaya tun tuni. Jikinta ya yi sanyi. Ta durƙusa a gefen gadon ta kama hannun mahaifinta tana kuka.

"Baba, don me? Me muka yi maka? An ba ka abin kira, ga ɗanka bango ɗaya tsakaninku, ka kwanta ka yi shiru har ƙafarka ta ruɓe? Haba, Baba. Ka cuce mu, ka cuci kanka."

Ya rufe ido. To, haka ma ya yi. A bar shi a kansa.

Sai wani tunani ya zo mata. "Ko dai hannun hagun ne shi ma ya fara?" Ta jawo jakar kayansa da Malama ta haɗo a gurguje, ta zazzage: kofi, carbi, tawul, sai ga tsohuwar wayar da guntun igiyarta. Ta kunna ta, hotuna ukun suka bayyana. "Danna in gani, Baba. Danna ko sau ɗaya."

Ya dunƙule hannunsa ƙam. Ya girgiza kai, ya yi gurnani, ya ja hannun zuwa ƙirjinsa da duk ƙarfin da ya rage masa.

"Yaya, ƙyale shi, ya gaji," in ji Injiniya.

Ba ta ji shi ba. Ta ɓamɓare yatsun tsohon ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa yaron da ya ɓoye abu, ta kama manuninsa ta ɗora a kan jar da'ira ta danna. Can gida, a ɗakin da aka kulle, kwamfutar da ba a taɓa kashewa ba ta yi aikinta.

"Ina zuwa, Baba."

Dariyar mutum biyu ta tashi a ɗakin marasa lafiya. Mai jinyar gadon kusa ya waiwayo. Yaya ta ɗago kai a hankali ta dubi ƙaninta: bakinsa, filas ɗin, ledar magungunan. Ta sake dannawa, wannan karon da yatsanta.

"Ina zuwa, Baba."

"Wa ke amsawa?" ta ce, can ƙasa-ƙasa. "Na ce wa ke amsa masa? Tun yaushe?"

Filas ɗin ya suɓuce ya faɗi, ruwan zafi ya malala a ƙasa, ba wanda ya motsa. Yaya ta juyo ga mahaifinta, ta ga hannun da ya dunƙule, ta gane abin da yake ɓoyewa da wanda yake rufa wa asiri. Ta kifa goshinta a kan hannun ta fashe da wani irin kuka mara sauti.

In an tambayi unguwa, za su ce ba a taɓa dukansa ba, ba a taɓa zaginsa ba, ba a hana shi abinci ba. Ɗaki aka ba shi, da fanka, da magani mai tsada, da suruka mai rusunawa. Duk gaskiya ne. Abin da aka yi masa kawai shi ne an gaji da jin kiransa, kuma ba a so a ce an gaji, sai aka ɗora wa na'ura ta riƙa yi masa alkawari. Da an fito fili an yi banza da shi, da kiran ya wuce ya isa inda za a ji, da yau yana da ƙafarsa.

Ma'aikata biyu suka shigo da gadon turawa, suka ɗaga shi suka ɗora. Yaya ta miƙe ta riƙe gefen gadon tana bin su. Wata nas ta tare Injiniya a ƙofa, ta ce ɗan majiyyaci ya tsaya likita na son ganin sa kafin a shiga. Ya leƙa ta kafaɗarta, fuska jiƙe, ya ɗaga murya, muryarsa ta gaske, tana karyewa.

"Baba! Baba, ina zuwa!"

Tsohon ya ji. Bai juyo ba, bai kuma kasa kunne don jin takun kowa ba. Ya lalubi hannun 'yarsa a jikin ƙarfen gadon ya riƙe, aka tura shi ciki.